Filin da Taswira Ta Ce Babu Kowa

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan la'asar

Desmond ya zo shago yau da taswira a naɗe a hammata. Ɗan Jos ne, aikinsa awon ƙasa, shekara biyu ke nan yana tare da kamfanin da ya gina ƙofar ruwa a bakin rafinmu. Hausarsa ta fi ta 'ya'yanmu da aka haifa a nan Libreville. Yakan sayi fensir a wurina, ya zauna ya sha shayi, mu zagi gwamnati biyu a zama ɗaya.

Yau bai zauna ba. Ya ture littattafan 'yan makaranta gefe, ya shimfiɗa takardar a kan kanta.

"Malam Mahfuz, me ka gani a nan?"

"Shuɗi."

"Duba ƙarƙashin shuɗin."

Ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda nake yi wa masu sayen ƙamus. Idan teku ta cika ta batse, iska kuma ta turo ta, za a sauke ƙofar, teku ta tsaya a waje. To amma rafin ba ya tsayawa. Ruwan sama zai ci gaba da gangarowa daga tudu, ya iske ƙofa a rufe, dole ya samu inda zai jira har a buɗe. Shuɗin nan shi ne zauren jiransa.

A ƙarƙashin shuɗin an rubuta da Faransanci: fili, babu gini, babu mai shi. Tsohuwar maƙabartarmu ce. A kusurwa ɗaya an zana ƙananan akwatuna goma sha ɗaya, an kewaye su da jan layi. Kaburburan da aka yi wa siminti ke nan. Su za a yi wa jinga, ruwa ba zai taɓa su ba.

"Mutum goma sha ɗaya kuka binne a shekara talatin?" in ji Desmond.

Na ce Hausawan garin nan ba su cika mutuwa ba, iskar teku ce ta karɓe mu. Bai yi dariya ba. Ya ce babbar cikar teku ta farko tun da aka gama ƙofar za ta zo ranar shida ga watan gobe, kuma damina ta riga ta kankama.

Kwana ashirin da huɗu. Ban gaya wa 'yata Jannat ba.

Talata, 14 ga Oktoba, da safe

Abin dariyar shi ne babu wanda ya kai ni yabon ƙofar nan. Na karanta yadda mutanen Holan suka tare teku da ƙarfe, da yadda aka yi a Landan, na tsaya a ƙofar masallaci ina wa 'yan kasuwa lacca har takalmansu suka gaji da jira. Na tuna musu ambaliyar shekara uku da suka wuce, katifu shanye a kan katanga, matar da teku ta shiga ɗakinta ta fita da keken ɗinki. Na ce wannan ƙofa ita ce abin hankali na farko da aka yi a unguwar.

Har yanzu haka na gani. Shi ne abin da ya hana ni cin abinci.

Laraba, 15 ga Oktoba, azahar

Ruwa tun asuba. Ban je maƙabartar ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan saukowa daga masallaci

An yi taro. Na kai kwafin taswirar, aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu, kowa yana juya ta sama da ƙasa kamar akwai gefen da zai ce wani abu dabam.

Saïdou ya bari sai da kowa ya gama, sannan ya miƙe. Yayan marigayiya matata ne, maman Jannat, ɗan Maraɗi, yana sayar da taya a unguwar PK8. Shekara bakwai tun rasuwarta muna gaisawa kamar mutum biyu masu ɗauke da tire ɗaya na ƙwai.

"Malam, ka tuna ran da na zo ma da buhun siminti? Mi ka hwaɗa min?"

Na tuna. Na ce masa mu ba ma gina kabari, ba ma rubuta suna, ƙasa muka fito ƙasa za mu koma. Na kawo masa hujjoji daga littattafai uku, har da lambar shafi. Watanni kaɗan kafin nan 'ya'yan Alhaji Ismaïl sun yi wa mahaifinsu siminti, na yi ta yi musu shaguɓe, ina cewa saura su sa masa fanka.

"To ga Alhaji Ismaïl nan cikin jan layi," in ji Saïdou. "Ita hwa?"

Liman ya ce a bar tone-tone. Aka yanke abu biyu. Ni zan rubuta wa ofishin aikin takarda, tunda ni ne mai Faransancin da ake sa wa hula. Ranar Lahadi kuma kowa ya fito a nome ciyawar filin, don in sun zo dubawa su ga kaburbura da idonsu. Ni na kawo wannan shawarar. Ina rubuta haka a nan don kada nan gaba in ɗora wa wani.

Asabar, 18 ga Oktoba, hantsi

Jannat ta bugo waya daga gidan mijinta. Labari ya riga ni, kawunta ya kai.

"Baba, gaskiya ne ruwa za su saka wa Mama?"

Na ce ana kan magana, akwai takarda, akwai mutane masu hankali a ofishin.

"Amma kai dai ka san wurinta ai, ko?"

"Haba, Jannat."

Haba ba e ba ce, ba kuma a'a ba. Ta ɗauke ta a matsayin e, ta yi ajiyar zuciya, ta ce to alhamdu lillahi. Shekararta goma sha shida lokacin rasuwar. Mata ba sa bin gawa, a gida ta zauna tare da sauran matan. Ni na shiga ramin da kaina.

Lahadi, 19 ga Oktoba, la'asar sakaliya

Na je. Wato na makara na je.

Na ce wa kaina zan isa kafin kowa, in bi layi a natse in nemo. Akwai fasasshen bakin tukunya da na kafa wajen kai, da sandar gwaiba. Amma na tsaya neman hula, na tsaya shan shayi, na bar taksi uku suka wuce saboda direbobin ba su yi mini kama da masu tsoron Allah ba. Ko da na isa, rana ta take.

Mutanenmu ba sa wasa da aikin lada. Sun zo da adduna da manjagara, wani ya aro injin yankan ciyawa. Ciyawar ta kai ƙugu, sun kwantar da ita tas. Suka tattara duk abin da ke ƙasa, sanduna, tsingaro, kwalabe, guntayen ƙarfe, suka tara a bakin hanya don wurin ya yi tsabta idan baƙi sun zo. Tudun kaburburan kuwa damina ta daɗe da shafe su, ciyawar ce ta rufa mana asiri.

Yanzu fili ne shimfiɗaɗɗe, sai ka ce na ƙwallo. Da hannunmu muka mayar da shi yadda taswira ta ce.

Na tsaya a gaban tarin sharar ina duba tsingaro. Bakin tukunya duk iri ɗaya ne. Saïdou ya zo ya tsaya kusa da ni, gumi na zuba.

"Ina take? Nuna min in yi mata addu'a."

Na ce kaina na juyawa saboda rana. Na nuna da haɓa wajen tsakiya. Ya ɗaga hannuwa ya yi addu'arsa wajen da haɓata ta nufa.

Shekara uku rabona da wurin. Dalilin ba na takarda ba ne.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan azahar

Ofishin aikin yana unguwar Plaine Orety, hawa na biyu, sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye kifi. Na shirya in iske azzalumi mai tumbi. Sai na iske mace, injiniya, 'yar ƙasa, da tabarau a goshi da fensir a gashi. Ta karanta takardata har ƙarshe, ta ce Faransancina ya fi na lauyansu. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini.

Ta tambayi rajistar maƙabarta. Na ce rajistarmu sunansa Sabitu, shi ya haƙa kowane rami tun daga na farko, ya san kowa da maƙwabcinsa.

"A kira shi."

"Madam, shekara biyu ke nan da ya shiga layi shi ma."

Ta jawo taswirar ta nuna mini da fensir. Idan aka kewaye filin duka da jinga, ruwan zai nemi wani wurin jira, kuma wuri mafi kusa layi uku ne na gidaje da makarantar yara. Akwai wata hanya, a haƙa tafki can sama, amma wannan sabon aiki ne, sai manya sun sa hannu. Ba za ta iya hawa wurinsu da maganar baki ba. Tana son takarda ta hukuma, ko alamar da ido zai gani, kyamara ta ɗauka.

Na ce alamun suna nan har jiya da safe.

Ta dube ni ta saman tabarau.

Laraba, 22 ga Oktoba, yamma

Sun gwada ƙofar yau, na je kallo tare da 'yan unguwa. Ƙarfe biyu ne, kowanne ya kai faɗin shagona sau uku, rataye tsakanin ginshiƙan kankare. Jiniya ta yi kuka, suka sauko a hankali ba ƙara, kamar fatar ido. Mutane suka tafa.

Ni ban kalli gefen teku ba. Na zaga baya na tsuguna, na kafa kara a bakin rafin. Babu ko ɗigon ruwan sama, amma cikin awa ɗaya ruwa ya hau karan da faɗin tafin hannu.

Alhamis, 23 ga Oktoba, safe

Na sayar wa wata mata littafin lissafi na aji huɗu a madadin na aji biyu. Ta dawo ta ce ko ɗanta ne ya yi tsalle bai sani ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan masallaci

Saïdou ya zo da shawara. A tona ɗaya. Kabari ɗaya kawai, a gaban injiniyar, ta ga likkafani da idonta.

Liman ya ce ba dai yana raye ba. Saïdou ya ce to a bar ruwa ya tona su duka ke nan? Wani ya ce a je a zuba duwatsu a ramin ƙofar ta kasa sauka. Na ce madalla, sai teku ta shiga gidan mutum dubu don matattu su kwana a bushe, wannan lada sai an kawo babbar mota.

Saïdou ya juyo.

"Kai kullum da baki. Ƙanwata ce. In na wani ba ya tonuwa, a tona nata, na yarda. Kai ka yarda? Tashi mu tahi ka nuna."

Na ce ban yarda ba. Na faɗa da ƙarfi, na kawo hujja. Mutane suka gyaɗa kai, suna ganin mutum mai kishin iyalinsa.

Hujjar gaskiya ce. Ba ita ce dalilin ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan la'asar

Matar liman ce ta aiko a ce mini in je wurin Inna Ƙulu. Tsohuwa ce a PK8, bayan tashar motoci, ita ke wanke gawar mata tun kafin in zo ƙasar nan. Ƙafarta ba ta taɓa taka maƙabartar ba.

Na same ta tana tsince shinkafa. Na fara dogon bayani a kan taswira, ta katse ni.

"Baban Jannat, ku maza kun ɗauka kun kai, kun karkaɗe hannu kun dawo. Mu ne muka zauna kwana bakwai a kowane gida. Wanda ban wanke ba, na yi wa gidansa tuwo. Sabitu kuwa ba ya tsallake wuri, ya sha faɗa mini. Daga gefen hanya yake farawa ya gangara wajen rafi, wanda ya riga shi ne a sama. Kawo biro."

Awa biyu tana faɗa ina rubutawa. Ba ta san shekara ba, amma ta san wa ya bi wa. Wane ya rasu ana jibi Sallah, sai wance da ta bar jariri, sai direban nan da ba a san danginsa ba, aka yi masa zaman makoki a gidan liman. Mutum ɗari biyu da shida. Na cika rabin littafin aji, hannuna ya ƙage. Ni da ke sayar da littattafan tarihi.

Da ta zo kan Alhaji Ismaïl sai ta rage murya.

"Bayansa sai mai gyaran agogo. Sai tagwayen gidan Abdulwadud, kwana ɗaya tsakani. Sai wata Bazabarma. Sai maza biyu, na haɗarin kwale-kwale. Sai Bilkissou."

Na daɗe ban ji sunan a bakin mutum ba. Biron ya tsaya.

"Rubuta mana," in ji ta. "Ta bakwai. Ni na wanke ta. Har lalle ne a ƙafarta."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta sai da na gama abin da nake yi da fuskata.

Talata, 28 ga Oktoba, azahar

Na je da igiya da asuba ta yi haske, ni kaɗai. Daga simintin Alhaji Ismaïl, wanda na ce a sa wa fanka, na fara awo. Ta bakwai. Amma taku nawa Sabitu ke bari tsakanin rami da rami? Ramin jarirai ƙarami ne, ya ba su wuri guda ko biyu? Layin ya miƙe ko ya karkata? Na auna sau uku, na faɗa wuri uku. Tsakanin na farko da na ƙarshe mota za ta iya fakin.

Daga nan na wuce Plaine Orety da littafin. Madam ta karanta shafi huɗu a tsaye, sannan ta zauna. Ta sa aka ɗauki hoton kowane shafi. Ta ce za ta tura sama, amma ta san amsar: abin da tsohuwa ta tuna ba alama ba ce a ƙasa.

Ta raka ni har bakin matakala. Wannan ya fi tsorata ni fiye da duk abin da ta faɗa.

Alhamis, 30 ga Oktoba, safe

Ruwa. Sun fara zuba jinga a kewayen goma sha ɗayan.

Asabar, 1 ga Nuwamba, yamma

Yau ranar da Kiristocin garin nan ke zuwa gyaran kaburburan 'yan'uwansu. Tun safe taksi ke wucewa da furanni da bokitin fenti. Na zauna a ƙofar shago ina kallo, ban samu abin ba'a ko ɗaya ba, abin da bai saba faruwa ba.

Desmond ya zo da motar aiki bayan azahar.

"Malam, shiga mu je. Ba da sunan kamfani na zo ba."

A bayan motar akwai buhunan yashi da suka rage. Ya ce duka filin ya fi ƙarfinsa, amma kabari ɗaya zai iya. Zai kewaye shi da buhu layi uku, ya rufe da leda. Ba alkawari ba ne, amma ya fi babu.

Muka tsaya a tsakiyar filin, yana riƙe da turke da guduma.

"Nuna mini."

Na ɗaga hannu. Wallahi na ɗaga. Da na nuna ko'ina da ya kafa, da Jannat ta samu wurin da za a ce mata ga shi, da Saïdou ya bar ni na sha iska. Babu mai sani har abada. Mai yiwuwa ma in dace. Ko kuma in tsare Bazabarmar da ban taɓa gani ba, ruwa ya kwanta a kan tawa, in riƙa zuwa duk Juma'a ina gaishe da baƙuwa.

Hannun ya sauko da kansa.

"Ban sani ba, Desmond."

Shi ne mutum na farko da na faɗa wa. Ya daɗe yana kallon turken.

"Babana yana Jos," ya ce. "Da siminti da suna da komai. Shekara tara ban je ba. Sanin wurin ma ba ya kai mutum."

Muka koma da buhunan yadda muka zo da su.

Litinin, 3 ga Nuwamba, hantsi

Amsa ta zo daga sama. Layi biyu. An yaba da ƙoƙarinmu.

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Jannat ta kawo mini dambu. Ta ce ta tambayi liman, ya ce babu laifi ta je ziyara in ta tsaya a natse. Tana so in kai ta kafin ranar Alhamis.

Na ce akwai taɓo. Na ce akwai manyan motoci. Na ce gwiwata.

Ta tattara kwanukan. A bakin ƙofa ta ɗaura ɗankwali, ta ja shi gefen hagu da yatsa biyu. Ban san ranar da ta koyi wannan ba, ba ni na koya mata ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba, magariba

Wata ya fito cikakke, ƙato, kamar an biya shi ya zo. Ina roƙon kada a yi ruwa gobe. Ni mutumin Kano ina roƙon kada a yi ruwa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, safe

Sama fes. Desmond ya ce cikar ta yamma ce babba, wajen ƙarfe biyar. In ba a yi ruwa ba, rafin kaɗai ba zai kai filin ba.

Alhamis, azahar

Gabas ta yi baƙi.

Alhamis, bayan magariba

Da ƙarfe biyu ruwan sama ya sauko, da iska daga teku. Ƙarfe uku da rabi jiniya ta yi kuka. Na rufe shago na tafi, lema ta juye tun a hanya na yar da ita.

Daga kan gada ana ganin gefe biyu. A waje teku ta yi tozo tana dukan ƙarfen, kumfa na tsallakowa. A ciki titin unguwa yana nan a titinsa. Mata sun fito baranda suna kallo, wata tana guɗa. Matar keken ɗinki na gani ko wata mai kama da ita, ban tabbata ba. Ƙofar ta yi abin da aka gina ta ta yi. Duk abin da na faɗa a ƙofar masallaci ya tabbata, ban taɓa jin haushin yin gaskiya irin na yau ba.

Sai na juya baya. Rafin ya cika, ya tsallake bakinsa ba gaggawa, ya shiga filin daga ƙasa. Jan ruwa, da ganye da robobi. Yana hawa layi bayan layi. Saïdou yana can gefen hanya tsaye cikin ruwan sama, ba hula. Na je na tsaya kusa da shi. Da ruwan ya kai tsakiya sai ya fara karatu a hankali, na kama masa.

Ban san lokacin da ya kai ta ba. Wannan shi ne abin. Na tsaya ina kallo, ban san lokacin ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, bayan masallaci

Sun buɗe ƙofar, sun sake rufewa da asuba. Filin tafki ne, goma sha ɗayan suna tsakiya a bushe kamar manyan baƙi. Jannat ta bugo sau huɗu.

Asabar, 8 ga Nuwamba, bayan azahar

Desmond ne ya tashe ni da waya, gari ya fara haske.

"Malam, kana ina? Taho yanzu. Kada ka tsaya shayi."

Ruwan ya janye cikin dare. Na sauka daga taksi na hau kan jingar inda yake tsaye, na duba.

Ƙasa ta zauna. Duk inda aka taɓa haƙa rami, itacen da aka jera a ciki ya saki, ƙasar sama ta lotsa, ruwa ya kwanta a wurin. Inda ba a taɓa haƙawa ba ya tsane. Fili guda cike da ƙananan kududdufai masu tsawon mutum, a jere, layi bayan layi, duk sun fuskanci gefe ɗaya, kowanne da sararin sama a cikinsa. Babu ciyawar da za ta rufe su, mun nome ta. Sabitu bai karkace ko sau ɗaya ba.

Desmond yana ɗaukar hoto. Ya ƙirga ɗari da casa'in da biyar, ban da na siminti. Ya ce in haɗa lissafin da kaina. Na haɗa. Inna Ƙulu ba ta yi kuskuren mutum ɗaya ba.

Madam ta iso da takalmin roba. Ta tsaya a kan jingar, ta cire hular kwanon da ke kanta ta riƙe a hannu. Ta ce wannan kyamara za ta ɗauka. Ta ce akwai wata guda kafin babbar cika ta gaba, za ta hau sama da kanta ranar Litinin. Ni dai ba'ata ta ƙare.

Na kira Jannat na ce ta zo, ta taho da kawunta.

Muka fara daga simintin Alhaji Ismaïl, taɓo har idon sawu. Ɗaya, dogo, mai gyaran agogo. Sai biyu ƙanana, gajeru kamar akushi, manne da juna. Jannat ta kama hannun rigata a nan. Huɗu. Biyar, shida.

Na tsaya.

"Ga ta."

Ruwan cikinsa bai kai tafin hannu ba, ya kwanta shiru. Saïdou ya tsuguna ya fara kwarfe shi da hannu biyu.

Na ce, "Jannat, ranar da kika tambaye ni, ban sani ba. Na daɗe ban sani ba. Yau na sani."

Ba ta dube ni ba. Ta naɗe hannun rigarta.

"Na ji a muryarka tun ranar, Baba. Matsa, kana tsaye a kan ƙafarta."

Na matsa. Muka kwarfe ruwan mu uku, sannan na tafi neman ƙasa busasshiya.